Yawon Daji Ba Yawon Banza Ba Ne

 

Ga mu cikin bazara. An gama sussuka tun tuni, rumbu ya fara yin ƙasa. Samari da yawa sun tafi ci-rani. Ruwan sama bai zo ba tukuna. Da rana ta take, kowa sai ya nemi gindin bedi ya shimfiɗa tabarma.

Ina da shawara guda gare ka. Kafin ruwa ya sauka, ka ware safiya huɗu. Ka kama hannun ɗanka ko ƴarka, ka ɗauki kaye da bik, ka zaga ƙasar garinku da ƙafa. Ban ce ka tafi neman itacen wuta ba, ko bin sawun akuyar da ta ɓata. Ka fita don ka duba, ka tambaya, ka rubuta.

Na san abin da za ka ce: "Haba malam! Ni da aka haifa a nan, me ya rage ban sani ba? Yawo ai na marar aikin yi ne." To, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka yanke hukunci.

Don me sai da bazara?

Da damana hatsi ya rufe ko'ina, kai kuma ba ka da sukuni. Da kaka aiki ya yi yawa. Amma da bazara gona a buɗe ta ke. Dabbobi sun cinye kara, iska ta share rairayi. Abin da ke ɓoye ya fito fili: tohon itace, tsohon kututture, tsingaro, bakin kwazazzabo. Ruwan tabki ma ya ja da baya, ya bar laka da sawun tsuntsaye.

Kuma lokacin sassabe ne. Abin da adda ta sare a watan Afrilu, shi ke nan, ya tafi. Gara ido ya riga adda zuwa gona.

Ga wani dalili. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da dubu 900 a gundumomin Magarya da Dungas. Yau mun fi haka nesa. Mu muna haihuwa, gona ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta, saura kuma ta ƙare. A ƙasa irin wannan, kowane itace da kowane kwari yana da daraja. Wanda bai san abin da ke cikin ƙasarsa ba, ko dai ya sare shi, ko ya sayar da shi da araha.

Safiya ta ɗaya: ƙirga itatuwan gonarka

Fara da gonarka. Shiga ta kusurwa guda, ka bi iyaka har ka komo, sa'an nan ka ratsa tsakiya. Duk itacen da ka gani, ka faɗi sunansa da ƙarfi. Yaro ya maimaita, kai kuma ka rubuta: gawo, kalgo, sabara, aduwa, kuka, ƙirya, gawasa, magarya. Manya gefe guda, toho gefe guda.

Tsaya ka dubi gawo da kyau. Duk tsawon rani, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, shi yana da ganye. Da ruwa ya sauka sai ya zubar, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zubar taki ne. Dabbobin da suka sha inuwarsa sun bar kashi a gindinsa. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin ƙarfin da a ke saye cikin buhun takin zamani. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kauri da zangarniya. Ƴaƴansa kuwa, ka san yadda tumaki ke rububinsu, har kasuwa a ke kai su.

Magabata sun san darajarsa. Ana ba da labari cewa a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya sari gawo ba izini yana iya rasa hannu, ko ma kai. Daga baya zamani ya juya. Dokar Nasara, da wadda ta biyo bayan ƴancin kai, ta mai da itace kayan gwamnati. Manomi ya ga ba nasa ba ne, sai ya rage kula. Aka yi fari a 1973, aka sake yi a 1984. Gonaki da yawa suka zama fili fetal. Iska na binne shuka, a sake shukawa, ta sake binnewa.

Wa ya gyara? Manoma ne da kansu. Suka fara barin toho lokacin sassabe. A kowane kututture sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Shi a ke kira sassaben zamani. A 2006 wani masani ɗan Nijar, Mahaman Larwanu, ya zaga Magarya da Matamai da Mirya tare da abokan aikinsa. Suka tarar itatuwan da manoma suka raya sun kai wajen hekta miliyan 1 a wannan yanki, akasarinsu gawo. Har daga wasu ƙasashe an zo kallon wannan aiki. A ran 30 ga Yuli 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka wadda ta yarda manomi yana da haƙƙi a kan itacen da ya raya a gonarsa.

Ka ga ke nan, aikin iyayenka ne. Amma itacen da aka raya a 1990 yau ya tsufa, wasu an sare su. Idan babu ƙanana a bayansu, za a koma gidan jiya. Ba za ka san haka ba sai ka ƙirga. Bana ka rubuta, baɗi ka sake ƙirgawa. Sun ƙaru ko sun ragu? Kaye ba ya mantuwa.

Safiya ta biyu: bakin ruwa

Mu ba mu da teku. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko, tafiyar mota ce ta fiye da kilomita 1,000. Amma muna da namu bakin ruwa. Ga Korama, ga tabkuna, ga fadamu da kwaruruka irin na Bande da Washa da Gushi, inda a ke noman rake da rogo, ga kuma dabino.

Je wanda ya fi kusa da ku. Nemi babban itace guda a bakinsa. Daga gindin itacen ka ƙirga taku har inda ruwa ya ke, ka rubuta tare da kwanan wata. Sa'an nan ka tambayi tsoho: "Baba, kuna yara ina ruwan nan ke tsayawa da bazara?" Ka rubuta amsarsa, da sunansa.

Duba ƙasa. Akwai farin ɓawon kanwa a inda da babu? Ciyawar kacalla ta fara cin bakin ruwa? Rairayi ya gangaro cikin garka? Idan ka ga rairayi, kada ka tsaya nan. Bi shi ka hau tudu, ka ga inda ya fito. Galibi za ka tarar da wurin da aka sare sabara da kalgo, aka tuge gamba. Iska da ruwa suka sami hanya. Mai garka yana kuka a kwari, alhali ciwon yana bisa tudu.

Duba tsuntsaye kuma: balbela, zalɓe, kirinjijiya. Wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke tsattsagar laka baƙi ne. Daga Turai su ke gudo sanyi, su ƙetare Sahara, a Maris da Afrilu su koma. Su ma ƴan ci-rani ne. Shamuwa kuwa daga kudu ta ke zuwa, gab da saukar ruwa, kuma fara ta ke ci. Rubuta ranar da ka fara ganin shamuwa a garinku. Rubuta ranar da aka yi ruwan shuka. Bayan shekara biyar kana da lissafi na kanka, wanda rediyo ba ta ba ka ba. Tambayi tsofaffi kuma ko suna ganin gauraka a da. Yau ta yi wuya ƙwarai.

Amma fa a kula. Kada yaro ya shiga wanka a ruwan da ke kwance. Cikinsa akwai ƴan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata ta ke shiga. Yaron da ke fitsarin jini, a kai shi gidan likita, akwai magani.

Safiya ta uku: kaba da sana'ar hannu

Ƴar uwa, wannan safiyar taki ce, ko da ya ke maza ma su buɗe kunne.

Kafin ki fita, dubi ɗakinki. Tabarma, faifai, mafici, tsintsiya, kwando. Leƙa waje: igiya, dabaibayi, malfa, mangalar jaki. Duka daga itace guda suka fito. Yana ƙarami a ƙasa mu ce kaba. Idan ya tashi ya yi rassa mu ce goriba. Yara su gwigwiyi ƴaƴansa, ƙodago kuma a hura wuta.

Launi ma a daji ya ke. Karan dafi yana ba da ja. Saiwar rawaya tana ba da ruwan ɗorawa. Ƴaƴan bagaruwa, idan aka haɗa su da tsatsar ƙarfe, suna ba da baƙi. Tsofaffin mata sun san wannan tun kafin galura ta zo kasuwa. Mata nawa suka rage a unguwarku da suka iya? Je ki tambaye su tun suna da rai. Ki rubuta yadda a ke jiƙawa, da yadda a ke dafawa, da kwana nawa a ke shanyawa.

Za a ce tabarmar roba ta kashe kasuwa. Gaskiya ne ta shigo, tana da kyan gani, kuma ana wanke ta. Amma shimfiɗa ta a rana da bazara ki zauna, ki ji. Ga shi kuɗinta na tafiya masana'anta a birni. Kuɗin tabarmar kaba kuwa a hannun mace ya ke tsayawa. Da shi a ke sayen gishiri da sabulu, a yi zubin adashi, a haɗa kayan ɗakin ɗiya. A watannin da rumbu ya yi ƙasa, saƙa ta sha rufa wa gida asiri.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙarewar kabar kanta. Ga yadda abin ke faruwa. Mai saƙa ta fi son sabon ganyen tsakiya, wanda bai buɗe ba, don ya fi laushi da fari. Idan kullum shi a ke yanka, kaba ba ta tashi. Idan wuƙa ta nutse ƙwarai ta taɓa zuciyar, wannan kan ya mutu. A gefe guda kuma ana sare manyan goriba don rufin ɗaki. Babu goriba, babu ƙodago. Babu ƙodago, babu sabuwar kaba. A jihar Maradi akwai kwarin da a ke kira Gulbin Kaba saboda yawanta. Can ma an ga wannan matsala: manya suna ƙarewa, ƙanana ba sa tashi.

To, ki je ki ƙirga. Manyan goriba nawa? Kaba ta ƙasa nawa? Masu tasowa, waɗanda suka kai tsawon mutum ko suka ɗara, nawa? Idan akwai tsofaffi da jarirai amma babu matasa, gari na cikin haɗari. Haka itace ma.

Maganin ba ya cin ko dala. A kowane rukunin kaba a zaɓi kai guda ko biyu masu ƙarfi. A ɗaura musu tsumma don kowa ya gane. Waɗannan ba a yanka su, sai a yanki sauran. A bar da dama, domin goriba akwai namiji akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke ƴaƴa. Sai dai mutum guda ba ya iyawa. Dole mai gona da masu yanka da makiyaya su zauna gaban mai gari su yi magana guda.

Kada a mance da gamba. A bar ta a iyakar gona. Tana riƙe ƙasa, da kaka kuma ga zana.

Safiya ta huɗu: kufai da duwatsu

Kusan kowane gari yana da kufai, inda mutanen da suka zauna suka tashi. Je can ka sunkuya. Za ka ga tsingaro, wani da zane irin wanda ba a yi yanzu. Za ka iya ganin kashin maƙera, ko guntun dutsen niƙa. Wani lokaci a kan tsinci ɗan dutse mai santsi da kaifi, wanda mu ke kira gatarin aradu. Masana sun ce mutane ne suka wasa shi da hannu, shekaru dubbai da suka wuce, tun ba a san ƙarfe ba.

Tudun da ka ke tsaye a kai ma yana da labari. Waɗannan jigayi namu tsofaffin tulin rairayin hamada ne. Wajen shekara dubu 20 da suka wuce an yi fari mai tsawo, Sahara ta gangaro har ta wuce nan. Daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itace suka kama rairayin suka riƙe. Su ke riƙe da shi har yau. Ka tuge su, ya tashi.

Bayan wancan fari an yi zamanin ruwa mai yawa. Tabkin Cadi ya cika ya batse, ya ninka na yanzu sau da yawa. Ga shaida kusa da mu. A 1987, a ƙauyen Dufuna cikin jihar Yobe ta Nijeriya, wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya. Wurin bai kai kilomita 300 daga nan ba. Da ya yi zurfin mita 5 sai ya ci karo da wani baƙin itace mai tauri. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya sanar da magabata. Masana suka zo suka tono. Ashe kwale-kwale ne mai tsawon mita 8 da ƴan kai, mai shekara wajen 8,000. Ba a taɓa samun wanda ya girme shi ba a duk Afirka. Ka ga amfanin ido da hankali? Saboda haka idan ana haƙar rijiya a garinku, je ka duba abin da guga ke fitarwa. Rubuta: gaba nawa rairayi, gaba nawa yumɓu, a gaba ta nawa aka cim ma ruwa.

Akwai abin da ya fi wannan tsufa nesa. Idan dabba ta mutu laka ta binne ta, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya kan riƙa shiga ƙashinta yana barin ƴan ƙwayoyin dutse. Sannu a hankali ƙashin ya zama dutse, amma siffarsa na nan. Masana na kiran irin wannan fosil.

A cikin jiharmu ta Damagaram ma akwai su. Can arewa, a Damargu wajen Tanut, ana tsintar duwatsu a naɗe kamar ƙahon rago. Ɓawon wasu halittun teku ne. Masana sun ƙiyasta cewa wajen shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ya ratsa wurin. A Adar da ƙasar Sakkwato ma ana samun ɓawo da haƙoran kifi cikin dutse. Farin dutsen da a ke simintin Malbaza da shi, a ƙarƙashin teku ya taru.

Gaba da Damargu, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri cikin hamada mai suna Gadufawa. Abzinawa makiyaya sun daɗe da sanin manyan ƙasusuwan da ke wannan sahara, su ne ma ke yi wa baƙi jagora. A 1965 wani Bafaranshe, Filip Take, ya fara aiki a wurin. Ya tono wata dabba mai tsawon mita 7, irin waɗanda a ke kira dinozor. Idan ka je Yamai, shiga Gidan Tarihi na Bubu Hama ka ga ƙasusuwan irinsu a tsaye. A 1997 da 2000 wani Ba'amurke, Pol Sereno, ya zo da ƙungiyarsa. Suka tono kada wanda kansa kaɗai ya kai tsawon mutum. Suka tono wata dabba mai cin ciyawa, mai haƙora 500, aka sa mata sunan ƙasarmu: Nigersaurus.

Kada ka ce za ka tono irin wannan a gonarka ta Yekuwa ko Mallawa. Rairayinmu ya rufe tsofaffin duwatsu. Abin da na ke so ka riƙe shi ne, sau da yawa talaka mai tafiya da ƙafa ne ke fara gani. A Ingila ma haka aka yi. Wata yarinya, Mari Anin, ɗiyar kafinta, tana bin bakin teku bayan an yi hadari tana duba abin da ruwa ya tone. Wajen 1811, tana da shekara 12, ita da wanta suka gano ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Da hannunta ta riƙa kwafe takardun masana, tana zana abin da ta gani, har manyan malamai suka koma zuwa wurinta tambaya. Da wannan aiki ta ci abinci. Amma mu ƙasarmu tana da tata doka, kuma akwai dalili.

Idan ka tsinci wani abu

A 1975, a Bura cikin ƙasar Tera, yammacin Nijar, aka tsinci wasu siffofin mutane na yumɓu. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya haƙa wurin a tsanake. Aka gane maƙabarta ce ta wasu mutanen da, masu gwanintar ginin tukwane. Da labari ya bazu, sai dillalai suka shigo. Cikin shekarun 1990 aka bi wuraren da haƙa, aka farfasa, aka sayar da araha. Kayan suka ƙetare teku, can aka sayar da su da tsada. Kuɗin da ƴan ƙauye suka karɓa ya ƙare tun tuni. Tarihin da aka fasa kuwa ba ya gyaruwa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A ran 30 ga Yuni 1997 Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi. Ba a haƙa, ba a fitar da su waje, sai da izinin hukuma. Don haka idan ka ga abin da ya ba ka mamaki:

1. Bar shi inda ya ke. Wurin da abu ke kwance shi ne rabin labarinsa.
2. Auna shi da taƙi, ka zana shi a kaye. In akwai salula, a ɗauki hoto.
3. Rubuta wurin: taku nawa daga wane itace, gabas ko yamma.
4. Gaya wa mai gari, shi kuma ya kai magana ofishin kwamin. Su za su nemi masana na jami'a.
5. Kada ka taɓa kabari. Kada ka sayar wa baƙo kome.

Masu cewa ba lokaci

Wani zai ce: "Ni abin da za a ci na ke nema." Ai maganar abincin mu ke yi. Gawo hatsi ne, kaba kuɗin cefane ce, kwari kuma rake da rogo ne. Safiya huɗu cikin shekara ba za ta hana ka kasuwa ba.

Wani zai ce: "Mutane za su yi mini dariya." Lokacin da ka ɗauki allo ka nufi ajin karatun manya, ba a yi dariya ba? Yau ga shi kai ke karanta wa masu dariyar takardar likita.

Wani kuma zai ce: "Ai duk na sani a ka." Na yarda. Ɗanka fa? Yaro yanzu zai lissafa maka ƴan ƙwallo ashirin, amma bai iya bambanta ƙirya da marke ba. Laifin wa? Ba wanda ya kai shi ya nuna masa. Kowace shekara muna binne tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa da amfaninta. Su ba su iya rubutu ba. Kai ka iya, kuma ka tarar da su da rai. Idan kai ba ka rubuta ba, wa zai rubuta?

Shirin fita

Fita bayan asuba, ka komo kafin ƙarfe 10, don zafin Afrilu ya kan wuce awo 40. Ɗauki goran ruwa da malfa da sanda. Kowa ya sa takalmi. Kada a juya dutse ko kututture da hannu, saboda kunama da kububuwa. In maciji ya yi sara, a nufi gidan likita nan take. Faɗa wa mutanen gida inda za ka, kuma kada ka yi nisa kai kaɗai. In za ka ratsa garkar wani, yi sallama.

Rubutun ba sai ya yi tsawo ba. Ga misali:

Talata, 15 ga Afrilu. Gonar tudu. Gawo manya 6, toho 14. Kalgo 9. Goriba babba 1, mai tasowa babu. Na ɗaura wa kaba 3 tsumma. Shamuwa ba ta zo ba.

Idan kun komo aji, kowa ya karanta nasa a gaban jama'a. Malami ya haɗa su wuri guda, a ajiye. Baɗi war haka a sake fita, a gwada da na bana. Allah ya kai mu, ya ba mu damana mai albarka.

Tambayoyi

1. Don me hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau?
2. Me ke hana kaba ta zama goriba?
3. Me makiyayin Dufuna ya yi da ya ga baƙin itace cikin rijiya?
4. Wace asara aka yi a Bura?

Aiki

Rubuta sunayen itatuwa 10 da ke gonarku, da amfanin kowane guda. Tambayi tsoho ko tsohuwa sunan itace guda da a ke gani a da, yanzu babu. Kawo amsar aji.